Famfon Birkin da Metir Ya Fere Mini

Shekarun baya, tun gashin kaina bai gama guduna ba, ina da wani ƙaton babur a nan Dogon Dutsi. Ba irin ƙananan nan ba ne na 'yan kabu-kabu. Wani ma'aikacin haƙar rijiyoyi ne ya bar mini shi da aka maida shi wani gari. Kujerarsa faɗi gare ta kamar gadon amarya, in ya shiga rami sai ka ji kamar uwa ta goya ka. In na tayar da shi a bakin kasuwa har masu sayar da goro sai sun waiwayo. Ni kuwa karatuna bai wuce aji uku na lakwal, wato makarantar boko, ba, amma a kan babur ɗin nan ji nake ko sufurehe mai mulkin gari bai fi ni ba.

Abu ɗaya ya bambanta shi da sauran baburan garin: birkinsa na gaba ba na waya ba ne, na mai ne. A kan ƙahon dama akwai wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba, da ɗan kofin mai a samansa. In ka matsa hannun birki, wani ɗan fistan a ciki ya tura man ta cikin tiyo har ƙasa, ya kama ƙafar gaba. Makanikai na ce masa famfon birki.

Wata rana na ga man ya ragu. Na ce ai mai mai ne, sai na tsiyaya masa baƙin man inji. Kwana biyu robar ciki ta kumbura, fistan ya ƙi gaba ya ƙi baya. Mai hankali sai ya nemi makanike. Ni guduma na nema. Bugu uku na yi, a na ukun famfon ya tsage daga sama har ƙasa.

Da wani lokaci ne da sai in yi dariya in ci gaba da lallaɓawa da birkin baya. To amma kwana goma suka rage likitocin ido su sauka garin, kuma mahaifiyata tana ƙauyenmu wajen Dogon Kiriya, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyun. Shekara uku tana laluben bango. Wata shida na yi ina lallashinta ta yarda a taɓa idon, don ita ta tsaya a kan cewa iska ce ta shafe ta a bakin tsamiya, ba aikin lokotoro, wato likita, ba ne. Ranar da ta yarda, sharaɗi ta kafa mini. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, sai dai ta ce "kai wanga".

"Kai wanga, in za ni, bisa babban moton nan naka za ni. Na yi rantsuwa ba ni ƙara hawan ƙarami tun da wancan ya kada ni cikin ƙaya. Mota kuwa amai take sa ni. In babu naka, a bar ni da idona, mun saba da juna."

Wanda ya san tsofaffin Arewa ya san rantsuwarsu ba ta da ƙofar baya. Kuma hanyar ƙauyenmu akwai wata gangara a bakin tudu, duk tsakuwa ce, da kwana a ƙasanta. Da birkin baya kaɗai, ga nauyin mutum biyu, ba sauka za ka yi ba, sulalewa za ka yi.

Na zagaya duk masu kayan babur na gari. Kowa ya juya famfon a hannu ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Na aika Dosso, na aika Ƙonni, amsa ɗaya. Nan ne kaifin basirata ya sake motsawa. Na ce ai abin sanholo ne, kuma ga masu zuba tukwane a bayan kasuwa suna narka gwangwani su yi tukunya da ludayi. Wanda ya iya zuba tukunyar biki, ɗan wannan abin zai gagare shi? Na kai wa wani mai tukwane. Ya danna tsagaggen cikin yashi ya fitar da siffarsa, ya narka gwangwanaye ya zuba. Da ya huce, wallahi kamar tagwaye. Na kai wa abokina makanike ya huda shi, muka sa fistan, muka zuba man birki na gaske wannan karon.

Na matsa. Ya kama. Na sake matsawa ina murmushi. Sai abokina ya ce, "Dubi, dubi, abin naka zuhwa shikai."

Na duƙa. Ga mai nan yana tsattsafowa ta jikin ƙarfen ko'ina, ɗigo-ɗigo, kamar sabon tulu ranar da aka fara zuba masa ruwa. Hannun birkin kuwa ya yi ta tafiya a hankali har ya taɓa ƙaho.

Abokina ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Tukunya kac ce a yi maka, tukunya anka yi maka. Sai ka ɗora miya." Da ya share hawaye ya ce, "Tashi mu tahi wurin Metir. In shi ma ya ce ba shi yiwuwa, sai ka goya tsohuwa ka taho da ita a ƙasa."

Metir wani dattijo ne Kirista, a hannun mutanen mishan ya koyi aikin ƙarfe tun yana saurayi. Rumfarsa tana wani lungu bayan cocinsu. Na sha wucewa ta nan, ban taɓa leƙawa ba. A ciki akwai wani dogon inji da suke ce wa tur: ya riƙe ƙarfe ya yi ta juya shi, kai kuma ka matso da wuƙa tana fere shi, yadda mace ke fere rogo, sai dai nan rogon ne ke juyawa. Injin ya girme ni, amma ko'ina a jikinsa yana ƙyalli.

Ranar Alhamis ce. Na ajiye masa tsagaggen da na mai tukwane. Ya ɗauki tsagaggen ya duba, ya dube ni.

"Wa ya bugi wanga?"

"Faɗuwa ya yi, Metir."

"Bisa guduma ya hwaɗi? Sau uku?"

Ya ɗauki na mai tukwane ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kai kunne, ya ajiye shi can gefe. Wannan ajiyewar ta fi mini zagi ciwo.

Na zaci zai kama ƙarfe ya fara. Sai ya jawo wani gwangwani cike da 'yan robobi na birkin motoci, ya yi ta zaɓe. Ya ce, "Roba ba ni iya yi. Don haka roba za mu hwara samu, sannan ƙarhe ya bi ta." Da ya sami guda biyu da suka yi masa, sai ya miƙo mini hannunsa ya ce in matsa da yatsu biyu iya ƙarfina. Na matsa. Ya tambayi nauyin babur, ya tambayi wa zan ɗauka, wace hanya. Na ce ni fa famfo na zo nema, ba aure ba. Ya ce, "In ramin ya yi hwaɗi, sai ka matsa da hannu biyu bai kama ba. In ya yi ƙanƙanta, hannun birki ya taɓa ƙaho kahin ya kama. Hannunka da nauyinka su ka hwaɗa min girman rami."

Sannan ya ce in matso. Kafin in ankara ya tsinke gashi ɗaya daga gemuna. Ya sa shi a bakin wani ma'auni mai baki kamar na kada, ya rufe, ya duba rubutun jiki. "Ka ga kaurin wanga? Tsakanin fistan da bango, in wanga ya iya shiga, aikin ya ɓaci. Rabinshi muke nema."

Rabin gashi. Ni da in na auna gero sai in ƙara tafi ɗaya don kada a ce na yi rowa.

Ya fito da wani guntun sanholo, dunƙule, mai kaurin damtse, ya ce daga jikin wani tsohon injin ban-ruwa ya yanko shi. Ba zubi ba ne irin na tukunya, wannan matsattse ne, ba shi da ƙofofin da mai zai bi. Ya ɗaura shi a tur ya kunna.

Ban san yadda zan gaya muku abin da na gani ba. Wuƙar ta taɓa ƙarfen, sai wani siririn zare mai ƙyalli ya fara fita yana naɗewa kamar gashin tunkiya, ba ya tsinkewa. Baƙin dunƙulen nan ya yi ta tuɓe riga yana zama fari. Metir bai kallon hannunsa. Kunnensa ya karkata, yana sauraro. In ƙarar ta canza kaɗan, wadda ni ban ma ji ba, sai ya ɗan murɗa wani abu. Ya yi kaɗan ya kashe inji, ya je ya zauna ya kunna rediyo.

"Metir, lahiya?"

"Ƙarhe ya yi zahi. Ƙarhe mai zahi maƙaryaci ne, in ka auna shi yanzu ya hwaɗa maka abin da ba shi ne ba. Bari ya huce ya hwaɗi gaskiya."

Haka muka yi Alhamis da Juma'a. Ni ina ƙirga kwanaki a yatsa, shi yana jiran ƙarfe ya huce. Likitoci za su fara Litinin, Laraba su rufe karɓar mutane.

Ranar Asabar da hantsi ya kai ga aikin ƙarshe, wato gyaran cikin ramin. Wuƙa tana tsakiyar tafiya sai aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Injin ya yi gurnani ya tsaya. Metir ya ɗora hannu biyu a kai. Ya janye wuƙar a hankali, ya kwance famfon, ya fita waje da ɗan madubi, ya haska rana cikin ramin. Na leƙa ni ma. Sumul, har fuskata nake gani.

"Ya ɓaci," in ji shi.

"Ina ya ɓaci? Metir, dubi abu awa azurhwa!"

Ya zura tsinken tsintsiya ciki, ya ba ni ya ce in ja. Na ja, ban ji komai ba. Ya ce wurin da wuƙa ta tsaya ta bar zobe. Yau zai kama, gobe zai kama, wata rana zoben ya yanki robar, ka matsa ka ji iska.

Na shiga roƙo. Na ce tafiya ɗaya kawai, in na kawo tsohuwa sai in dawo a sake. Na ce ni na ji na gani, alhakin a wuyana. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da iyayensa. Abokina ma ya sa baki, ya ce, "Metir, a yi mishi haƙuri, lokaci ya ƙure." Dattijon nan ya koma cikin rumfa. Ya ɗaure famfon a mamatsa, ya ɗauko zarto. Ina tsaye ina kallo ya raba aikin kwana uku gida biyu. Ya miƙo mini rabi ya nuna da farce. Sai ga shi kuwa, wani ɗan layi, sai ka karkata shi ga haske kake ganinsa.

"In na bar shi ɗungum, da na juya baya ka ɗauke shi. Na ga idonka."

Gaskiya ya faɗa. Har na riga na zaɓi aljihun da zan sa shi.

Na ce to a fara wani yanzu. Ya ce da kuran ya dawo zai fere jikin, ya huda, amma gobe Lahadi ba ya aiki. Na ce rai ne fa. Ya ce, "Jiya da kat tahi masallacin Juma'a na riƙe ka? Litinin da sahe ka zo, kuma ka ci tuwo da yawa." Na fita ina ƙunƙuni. A ranar Lahadin nan na zage shi a zuciyata fiye da yadda na taɓa zagin mutum, Allah ya yafe mini.

Litinin na iske ya cire bel ɗin da ke juya tur daga jikin motar injin, ya maida shi kan wata tsohuwar ƙafar amalanke da ya kafa a ƙasa, ya sa mata mariƙi. Ya ce ba zai ƙara ba kuran amanar aikin ƙarshe ba.

"Yau kai ne kuran. Ka juya, kada ka yi sauri, kada ka yi sanyi. In na ce hwara, ba ka tsayawa sai na ce tsaya. Ko kunama ta halbe ka."

Na kama. Da fari wasa ne, har ina yi wa abokina ido. Can kafaɗa ta fara magana. Zufa ta shiga idona ba hannun sharewa. Metir ya duƙa kan aikinsa, yana tura wuƙar kamar mai zura zare a allura, bakinsa kawai ke cewa, "Hakanga. Hakanga." Sai na ji mazagin wandona ya saki. Na matse gwiwa. Ya sauko cinya. Na buɗe ƙafa don in tare shi, juyin ya so ya canza, Metir ya daka mini tsawa ba tare da ya ɗago ba: "Hannunka!" Na bar wando ya tafi abinsa har idon sawu. Allah ya taimake ni taguwata doguwa ce. Daidai lokacin wasu mata suka biyo lungun da tallan fura, suka tsaya a bakin rumfa. Ɗaya ta ce, "Sannu da aiki, Alhaji, iska kake sha?" Abokina, maimakon ya rufa mini asiri, sai ya kwanta kan benci yana shure-shure. Ni kuwa ina ta juyi, ina kallon rufin kwano, ina tuna tsohuwa tana laluben bango.

"Tsaya."

Na ja wandona. Shi ko kallona bai yi ba. Ya naɗa wata lallausar takardar yashi a tsinken icce, ya shafa mai, ya goge cikin ramin ya daɗe. Ya huda 'yan ƙofofi biyu da wani abu siriri kamar allura, inda mai zai riƙa sauka daga kofi. Ya wanke, ya bari ya huce. Sannan ya ce in zo in gani.

Ya toshe ƙasan famfon da babban yatsa, ya ɗora fistan a baki, ba roba, ba mai, ƙarfe da ƙarfe kawai, ya sake shi. Na zaci zai faɗa ƙwal. Bai faɗa ba. Ya tsaya a sama yana ɗan lilo, sannan ya fara sauka a hankali, a hankali, kamar guga a hannun mai tsoron tsinkewar igiya. Iskar da ke ciki ce ta rasa hanyar fita. Ya ɗan danna shi da yatsa, ya dawo sama da kansa. Ya janye yatsan ƙasa, sai fistan ya zame ya faɗo tafinsa.

Na sha ganin 'yan bori suna abin mamaki a garinmu, na ga mai wasa da wuƙa ya yanka cikinsa bai yanku ba. Ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi kamar a kan ɗan ƙarfen nan da ke tsaye kan iska ba. Mutum ne ya yi shi, da hannu, a gabana, da ƙafar amalanke da wani sakarai marar wando.

Da la'asar muka ɗaura, abokina ya fitar da iskar tiyo. Talata na tafi ƙauye. Laraba da sassafe na ɗora mahaifiyata, ƙanwata ta ɗaure ta a bayana da zane, yadda ita ta taɓa ɗaure ni.

Mun zo gangarar nan rana ta ɗan ɗago. Ina sauka a hankali, tsakuwa na gudu ƙarƙashin taya. Ina shan kwanar sai ga amalanken jaki ta kife a tsakiyar hanya, buhunan wake a warwatse, mai ita yana fama da jakin. Dama dutse, hagu kwazazzabo. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma uku ba. Na sa yatsu biyu na matsa. Babur ya duƙar da kai kamar raƙumi zai gurfana, ya tsaya. Bai ja ba, bai karkace ba. Tayar gaba tana shafar buhu.

Na kafa ƙafafuna a ƙasa. Sai na ji murya a bayana.

"Kai wanga, mun iso?"

"A'a Inna, tsayawa munka yi."

"Yaushe? Ni ban ji ba. To in hutawa kakai ka yi sauri, kada lokotoro ya tashi."

Mun isa ana saura mutum kaɗan a rufe. Aka yi mata ido ɗaya a ranar. Washegari da aka cire audugar, ta yi ta ƙifta ido, ta juyo ta dube ni ta daɗe. Ina jira ta sa mini albarka. Sai ta ce, "Ashe haka kat tsuhwa? Har ka hi ubanka muni."

Kafin in maida ta gida na ba ta labarin famfon, ban da zancen wando. Ta ce a kai ta ta yi godiya. Muka iske Metir yana auna wani ƙarfe. Ya amsa sallama da kai, ya nuna mata benci, ya ci gaba. Na so in yi masa magana ya bar aikin, ta riƙe mini hannu. Ta zauna tana kallon hannuwansa da sabon idonta, ta yi kusan rabin awa. Sannan ta tashi ta ce a hankali, "Mu tahi, kada mu ɓata mishi. Irin wanga ba a yi mishi surutu." Daga ƙauye ta aiko masa da zabi biyu.

Su duka biyun yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Ta yi shekara bakwai tana ganin jikokinta, tana tsince tsakuwa a shinkafa da kanta.

Ni mutum ne mai baki. Da baki na ci abinci duk rayuwata, kuma kafin wannan lokacin na ɗauka duk wani aiki a duniya dabara ce da sa'a, in abu ya yi kama da daidai to ya yi. Metir bai taɓa yi mini wa'azi ba. Amma tun daga rumfarsa, in na hau mota ko na haye gada, sai in kama kaina ina tunanin wani mutum can da ban sani ba, wanda ya ga ɗan layi a cikin aikinsa, ba kowa a wurin, kuma ya ƙi bari. Rayukanmu a hannun irin waɗannan suke, muna ta wucewa ta ƙofarsu ba ko sallama.

Kada ku ɗauka na zama gwani. Har yau in na kafa ƙusa a bango sai ta karkace. Bambancin kawai, da sai in rataya rigata in yi gaba. Yanzu sai in tsaya ina harararta, in yi tsaki, in je in nemo abin cirewa.